Manomin da Irinsa Ya Ruɓe a Ƙasa

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse. Yana da mata da 'ya'ya, yana kuma da gona mai kyau a kwari, baƙar ƙasa mai riƙe ruwa. Mutumin nan ba rago ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Aibinsa guda ne, yana son a ce shi ne na fari. Ruwan farko na sauka, tun ƙasa ba ta gama sha ba, za ka hango shi da sungumi a kafaɗa. In ya dawo ya tarar da maƙwabta suna gyaran ƙotar fartanya, sai ya yi murmushi ya ce, "Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari." Kowace shekara kuwa dawarsa ce take riga ta kowa fid da kai.

Mutumin yana da wa, wanda ya rasu ya bar matarsa, sunanta Afiniki. 'Ya'yanta duk mata ne, sun yi aure a nesa, ita kaɗai take fama da 'yar gonarta a kan tudu, inda tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Al'adar garin kuwa ita ce, lokacin noman fari ƙanen miji yakan je ya taya gwauruwar wansa aiki, ba sai ta roƙa ba. Manomin yakan je, yana aiki yana zolayarta, domin Afiniki tana da nauyin hannu wajen shuka. Inda mutane suke jefa 'yan ƙwayoyi a rami, ita sai ta zuba kusan rabin tafi.

Yakan ce mata, "Matar Yaya, shuka kike yi ko kiwon zabi?"

Ita kuwa takan kira shi da sunan 'yarsa ta fari, ta ce, "Baban Keziya, na zabi daban, na tururuwa daban, na rana daban. Abin da suka rage shi ne nawa."

Ya zama kuwa a wata shekara, bazara ta ƙi yin zafi. Ruwa ya sauka da wuri, ya kuma ƙi ɗaukewa. Sama ta lumshe, yau yayyafi, gobe kamar da bakin ƙwarya, jibi yayyafi. Tsofaffi suna jin ɗumi da hantsi a lokacin da suka saba neman inuwa. Wanki ba ya bushewa, itace ba ya kamawa sai hayaƙi, ƙasa kuwa ta yi sanyi kamar gindin randa.

Manomin ya yi yadda ya saba, ya riga kowa shuka. Ya yi jira, ya yi jira, ba tsiro. Ya je ya tona rami da yatsa, sai ya ga ƙwayar ta kumbura ta ruɓe, tana warin tsami. Matarsa ta ce, "Maigida, da ka ɗan dakata rana ta ɗumama ƙasa kafin ka sake."

Ya ce, "Mai jiran rana a bana, sai ya shuka da kaka."

Ya sauko da sauran zangarniyar iri da ya rataye a bisa murhu, ya sussuke ta duka, ya koma ya zuba a laka. Sauri ya haifi nawa. Wannan karo 'yan kaɗan sun leƙo, rawaya, sirara kamar zare, suka yi kwana biyu suka kwanta. Ruwa ya cika kwarin kunya, kwaɗi suka samu gida. Ya zaga maƙwabta neman iri, kowa ya nuna masa tafin hannu, don duk mai gona a kwari abin da ya same shi ke nan, sai dai su sun rage na sake gwadawa, shi kuwa bai rage ba.

Lokacin shukar dawa yana wucewa. A gida kuma rumbu ya yi ƙasa, har sai matarsa ta shiga ciki da ƙafarta kafin ta ɗebo na tuwo. Manomin ya sani sarai, in gonar nan ta wuce damina ba komai a cikinta, 'ya'yansa ba su da abin ci baɗi. Tsoro ya kama shi, tsoron kuma ya koma fushi. Kullum addu'arsa ɗaya ce, "Ya Ubangiji, ka ba mu rana." Kullum kuma in ya buɗe ƙofa sai ya ga hadari. Har ya fara cewa a ransa, Allah ya manta da mutanen kwari.

Lokacin noman fari ya zo, bai hau tudu ba. Afiniki kuwa ba ta aiko ba. Wata safiya yana zaune a bakin ƙofa yana kallon ruwa na ɗiga daga jinka, matarsa ta ce, "Maigida, gonarka ba ta shiguwa, zaman nan kuma ba zai busar da ita ba. Matar Yaya tana can ita kaɗai. Zumunta a ƙafa take."

Ya ce, "Ni da gidana yake ci da wuta, zan tafi kashe ta wani?"

Ta ce, "Wace wuta a cikin ruwan nan? Ga fartanyarka."

Ya tashi ba don ransa yana so ba, ya bi ta bayan gari don kada wani ya tambaye shi labarin gona. Da ya kai tudu sai ya tsaya cik. Gonar gwauruwa ta yi kore shar. Ruwa ba ya kwanciya a tsakuwa, wucewa yake yi. Rana ba ta ƙona tsiro ba, tururuwa ba ta fito ba, duk ƙwayar da Afiniki ta zuba ta tsira. Kowane rami ya yi cunkus, dawa tana shaƙe 'yar'uwarta. Ga ta can a sunkuye, ta yafa tsohon buhu a ka, tana cira da hannu ɗaya tana dafe ƙugu da ɗayan. Abu na fari da manomin ya ji a zuciyarsa hassada ce, kunya ta biyo baya.

Ya ce, "Sannu da aiki, Matar Yaya."

Ta ɗago ta ce, "Yawwa, Baban Keziya. Na ɗauka ruwa ya tafi da kai. Ka ga abin da zabi suka ƙi ci bana, ya fi ƙarfina. In ba a rage ta ba, kara kawai zan girba."

Ya sunkuya ya shiga cira. A kowane rami ya bar masu ƙarfi biyu ko uku, sauran ya tumɓuke ya jefa gefe. Ƙasa da laushi, suna fitowa da saiwarsu ba ko tsinkewa. Kafin rana ta yi tsaka, in da akwai ranar, tarin ya kai gwiwa. Ko awaki ba a ba irin wannan, don ƙaramar dawa tana kashe dabba. Sai ya rungumo tarin ya nufi kwazazzabo.

Afiniki ta ce, "Ina za ka kai ta?"

Ya ce, "Zubarwa mana."

Ta ce, "Ashe gonarka ta cika."

Sai ya gane ta san komai. Ta matso ta zari guda daga hannunsa, ta datse kan ganyen da farce, ta nuna masa fararen saiwoyin. Ta ce, "Ƙwaya ce ruwa yake ruɓarwa. Wannan ta riga ta yi ƙafa. Ka ta da kunyarka da tsayi, ka yanka wa ruwa hanya, ka dasa ta a bisa. Dashe ba ya son rana. Lumshin nan da kake ta zagi, shi yake so."

Ba wai manomin bai san dashe ba. Kowa yakan cike gurbi nan da can in shuka ta yi giɓi. Amma shi kullum cewa yake yi dashe aikin wanda ya makara ne, bai kuma taɓa ganin an dasa gona sukutum ba. Ya ce a hankali, "Matar Yaya, in na ratsa gari da ragowar gonarki a ka, me mutane za su ce?"

Ta ce, "Mutanen ne za su ciyar da Keziya da ƙannenta?"

Ya ɗaure dawar, ta ɗora masa a ka. Wannan karo ta tsakiyar gari ya bi, don ita ce hanya mafi kusa, saiwa kuma ba ta jira. Wani maƙwabci da ke zaune a rumfa ya ce, "A'a, na gaba, yau kuma kayan miya ake talla?" Aka yi dariya. Ya ji zafin maganar, amma bai tsaya ba.

Daga ranar nan, da safe yana tudu yana cira, da yamma yana kwari shi da iyalinsa. Yana ta da kunya da garma, matarsa tana huda rami da sanda, 'ya'yan suna sa dashe suna dannawa da diddige, yayyafi yana dukansu duka. Gonar gwauruwa tana shan iska, gonar manomi tana cika. Da suka gama, sai dashen ya kwanta raɓe-raɓe a kan kunya, ganye ya yi yaushi, duk wanda ya wuce ya ce wahalar banza aka sha. Manomin ya duba sama, ya ga gajimare yana neman yagewa. Mutumin da ya yi ta roƙon rana, sai ga shi yana cewa, "Ya Ubangiji, ka riƙe ta tukuna." Da Allah mai ƙosawa ne irinmu, da ya ce bawan nan ya tsai da magana ɗaya.

Hadari ya sake rufewa, yayyafi ya ci gaba. Bayan 'yan kwanaki manomin ya je gona ya tsuguna, ya buɗa wani yausasshen ganye da yatsa. A can tsakiya ya ga sabon toho, kore, tsaye kamar allura. Ya duba na kusa, haka. Ya bi kunya har ƙarshenta, haka. Sai ya durƙusa a cikin laka, hawaye ya zubo masa, ya yi godiya, ya kuma roƙi gafara saboda abin da ya faɗa a ransa.

Rana ta fito a lokacinta, ta yi aikinta. A shekarar nan shi ne na ƙarshe da ya yi girbi a garin, rumbunsa kuma bai cika har baki ba, amma ya kai iyalinsa wata daminar. Damin farko ya ɗauka ya kai wa Afiniki. Ta ce, "Kai shi gidan Ubangiji ranar godiyar kaka. Ba ni na riƙe rana ba."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa ƙaunatattu. Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Shekarar sanyi kuwa ita ce lokacin da mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, abin ya ruɓe a hannunsa. Wani sana'arsa ce, wata jarrabawa ce, wani lafiyar jiki, wata zaman gidanta. Ka roƙi Allah abu ɗaya, kullum kishiyarsa kake gani, har ka fara zaton ya juya maka baya.

Ku lura, a duk kwanakin da manomin yake zaune yana fushi, abincin 'ya'yansa yana can yana girma a kan tudu, ruwan da yake zagi ne kuma yake rainonsa. Ubangiji bai makara ba. Ya riga ya shirya amsar, sai dai ya ajiye ta a gonar wadda mutumin ya daina zuwa wurinta. Haka wahala take yi mana. Takan sa mutum ya rufe ƙofa ya ce nawa ya ishe ni, ya bar gaishe da mara lafiya, ya bar zuwa sujada, ya manta da gwauruwa da maraya. Ban ce ku yi alheri don a biya ku ba, manomin bai san akwai komai dominsa a tudu ba sa'ad da ya hau. Aikin da yake wuyansa kawai ya je yi, a can jinƙan Allah ya tarye shi. Ya kuma zama dole ya sauke girman kai kafin ya iya ɗaukar taimakon a ka.

In kuwa kai ne aka tumɓuke daga inda ka saba aka dasa a wani wuri, kana kwance kamar matacce, mutane suna cewa taka ta ƙare, kada ka karai. Mai gonar yana duban abin da yake a tsakiya, ya kuma san ranar da za ka iya jure rana.

Na san a cikinmu yau akwai wanda irinsa ya ƙare, ya zo sujada da murmushi amma bai san abin da zai ba 'ya'yansa ba. Ɗan'uwana, Allah bai manta da mutanen kwari ba. Ka tambayi kanka ƙofar wa ka daina zuwa tun da wahala ta same ka. Kada ka jira gari ya washe. Ɗauki fartanyarka ka tafi, ko ana ruwa.