Manomin da Ya Kwance Duwatsun Gonarsa

Akwai wani mutum manomi, ana ce da shi Dogara, yana zaune a wani ƙauye a gindin dutse. Ƙasar wurin gangare ce. Tun zamanin da ba wanda ya san farkonsa, kakanninsu suka lura in an yi ruwa yakan kwashi ƙasa ya gangara da ita, sai suka riƙa tsince duwatsu suna jerawa a gicciye, jeri bayan jeri, kamar matakala. Ruwa ya zo da gudu, duwatsun su tare shi, ya lafa ya nutse, ƙasa ta zauna inda take. Da haka suka ci abinci, da haka ƙauyen ya kafu.

Da mahaifin Dogara ya rasu, aka raba gonar gida biyu. Dogara ne babba, sai ya zaɓi ta sama, inda jerin duwatsun suka fi ƙarfi. Ƙanensa Auta ya sami ta ƙasa, can inda gangaren ya ƙare.

Ana nan sai damina ta fara sauya hali. A da ruwa yakan zo a hankali, yau kaɗan, jibi kaɗan. Yanzu sai ya ɗauke har shuka ta yi yaushi, sa'an nan ya zubo gaba ɗaya kamar an kifar da randa. Tsofaffi suka ce ba su san irin wannan damina ba. A wasu ƙauyuka rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka ɗaure kaya suka tashi.

Wata shekara aka yi irin wannan ruwa, ya tsaga gonar Auta biyu, ya bar kwazazzabo mai zurfi wanda in mutum ya shiga ba a ganin kansa. Shukar Auta duk ta tafi. Dogara ya ji tausayinsa, ya riƙa ɗauko dawa daga rumbunsa yana kai masa. Ba zan ɓoye muku ba, 'ya'yana, a lokacin yana ƙaunar ƙanensa ƙwarai. Amma yana kuma ƙaunar yadda mutane ke kallonsa in ya ratsa ƙauye da dami a ka, suna cewa Allah ya ba kowa yaya irin Dogara.

Matar Auta, sunanta Laraba, 'yar mai ginin tukwane ce. Wata rana ta shiga kwazazzabon neman akuyarta, ƙafarta ta lume a wata ƙasa mai danƙo, toka-toka, mai laushi. Ta ɗebo ta murza a hannu, ta gane yumɓu ne, mai kyau kuwa. Yana nan kwance a ƙarƙashin gonar tun kafin a haifi kakan kakansu, ba wanda ya sani sai da ruwa ya buɗe shi. Ta gina tulu ta gasa. Ruwan da aka zuba a ciki ya yi sanyi har haƙori.

Magana ta bazu. Masu ginin tukwane suka zo roƙon yumɓu, Auta ya ce su ɗiba. Waɗanda rijiyoyinsu suka ƙafe suka zo suka kafa bukkoki kusa da wurin, gama a ƙasan kwazazzabon ruwa yakan tsatso ko da rani. Masu sayen tukwane suka zo da jakuna, mai ƙosai ta biyo su, mahauci ya biyo mai ƙosai. Kafin a ankara wurin ya zama kasuwa, hanya ma ta karkato ta bi ta nan. Aka fara ce wa wurin Kwarin Auta.

Gonar Dogara kuwa ba abin da ya same ta. Duwatsun mahaifinsa suna riƙe da ita, dawarsa tana yi kamar kullum, rumbunsa cike. Amma gonar a sama take, daga can yana ganin kome. Yana noma yana hango hayaƙin gasa tukwane. Ya sunkuya, ya ɗago, hayaƙi na nan. Tuwo ya daina yi masa daɗi. Laraba ta aiko musu da tulu sabo, ya kurɓi ruwan sau ɗaya ya ce warin ƙasa yake yi, a fitar masa da shi daga ɗaki.

Abin da ya ƙarasa shi, wata rana wani baƙo ya tsaya a bakin gonarsa yana tambayar hanyar kasuwa. Da ya ji sunansa sai ya washe baki ya ce, “Ashe kai ne yayan Auta. Lalle ka yi sa'ar ƙane.” Dogara ya nuna masa hanya da bakin fartanya, ya koma nomansa.

Sai ya fara lissafi a zuci. Uba ɗaya, gona ɗaya aka raba. In akwai yumɓu a ƙarƙashin ta Auta, ai akwai a ƙarƙashin tasa. Ya ɗauki diga ya haƙa rami, bai kai gwiwa ba ya ji ƙarfe ya daki dutse. Ya koma wani gefe ya haƙa, dutse. Da mai hankali ne, da ya tsaya nan. Amma Dogara ya ce wa kansa ɓawo ne kawai, abin da diga ta kasa fasawa ruwa zai fasa, yadda ya yi wa Auta. Duwatsun nan da aka jera su ne suka tare masa arziki.

Da ya faɗa wa matarsa Kyauta zai buɗe wa ruwa hanya, ta ajiye muciya ta dube shi.

Ta ce, “Baban Ladi, ruwa ɗan ƙodagonka ne da za ka nuna masa inda zai haƙa? Me ka rasa? Rumbunka cike, yaranka sun ƙoshi.”

Ya ce, “Wa ya taɓa sa wa gari sunan rumbu?”

Ta ce masa in suna yake so ya je ya tsaya a kasuwa ya yi ta kiran kansa, ya fi sauƙi. Ya ce ita ma ai tun da ta sha ruwan tulun Laraba ta koma tasu.

Da bazara ta yi, ya shiga kwance duwatsun, tun daga jerin sama har na ƙasa. Abin da kakanni suka jera da gumin shekaru, ya watsar kafin shuka. Auta ya hango, ya hau ya tambaye shi ko lafiya. Dogara ya ce gyara yake yi, kowa ya ji da kwarinsa.

Sai ruwan ya zo, irin mai kifar da randa. Bai haƙa kwazazzabo ba, gama ba abin haƙawa. Ya bazu a gonar duka, ya saɓule ƙasar kamar yadda ake feɗe akuya, ya tafi da ita. Da gari ya waye Dogara ya fito, ya tarar da falalen dutse tun daga sama har ƙasa, a wanke, yana ƙyalli. 'Yar ƙasar da ta ciyar da gidansu ashe ba ta fi tsawon hannu ba, duwatsun nan ne kaɗai ke riƙe da ita.

Ya leƙa ƙasa, ya ga inda ta tafi. Ta gangara ta kwanta baƙa ƙirin a gonar Auta, a bakin kwari. Ya zauna a kan dutsen ya ce, “Har ƙasata ma ta bi mutane.”

Yana nan zaune sai ga Auta ya hauro da kwanduna.

Ya ce, “Yaya, ƙasarka tana wurina. Ban saya ba, ba ka kuma ba ni ba. Tashi mu mayar.”

Dogara ya ce, “Dariya ka zo yi mini.”

Auta ya ce, “Da dariya ce, da kwando ɗaya ma ban ɗauko ba.”

Kyauta, da ta biyo mijinta gonar, ta ce kafin a hau da ƙasa ko cikin tafi ɗaya sai an fara mayar da duwatsun, in ba haka ba wahalar banza ce. Haka aka yi. Daga nan Dogara ya riƙa sauka kwari yana cika kwando. Hanya kuwa ɗaya ce, ta tsakiyar kasuwa take bi. Kullum sai ya ratsa masu tukwane da ƙasa a ka, kowa ya san abin da ya yi. Sun yi ta jida har rani ya ƙare, abin da suka iya rufewa bai fi filin tsakar gida ba. A nan yake shuka 'yar acca da kuɓewa. Sauran gonar dutse ne har yau, mata suna shanya a kai.

To, 'ya'yana, ku kasa kunne, ma'anar misalin nan ita ce: gonar nan ita ce rayuwarka, abin da ke ƙarƙashinta kuwa Ubangiji ne ya shimfiɗa, tun ba a haife ka ba. Wani ya sa masa yumɓu, wani dutse da 'yar ƙasa mai albarka a kai. Garuruwa ma haka suke. Wani gari ya cika don kogi ya matso kusa da shi, wani ya zama kufai don ruwan sama ya janye, ba don mutanen wannan sun fi na wancan wayo ba. Auta bai yi yumɓu ba, bai kira ruwa ba. Abin da ya yi kawai, da aka ba shi bai hana kowa ba.

Duwatsun kuwa su ne godiya, da haƙuri, da addu'ar da iyayenku suka koya muku. Ba su da kyan gani, ba mai yabonsu, amma su ne ke riƙe da ɗan abin da kake ci. Kishi ba ya fara taɓa na ɗan'uwanka. Naka yake sa ka kwance, da hannunka, kana cewa gyara kake yi.

Ina ganinku ran Lahadi. Ana waƙa, wani idonsa na kan takalmin na kusa da shi. Manyanku ma haka, an yi wa wata ƙarin girma, wata ta kasa cin abinci. Ni ba na son in ga ɗayanku yana ratsa kasuwa da ƙasa a ka. Allah mai gafara ne, zai aiko maka da mai kwando, ka karɓa kada ka yi girman kai. Amma gafara dabam, gona dabam. An gafarta wa Dogara sarai, gonar kuwa ba ta dawo duka ba.

Don haka in ka ji zuciyarka tana zafi saboda alherin da ya sami wani, kada ka taɓa ko dutse ɗaya. Ka durƙusa a inda kake, ka gode wa Ubangiji saboda ƙasar da ke ƙarƙashin gwiwarka, tun tana nan.