Ilu Mahauci da Gyaran Kitse

An taɓa yin wani mutum a wani gari, tun zamanin da asibiti guda ne tak a cikinsa. Wani bawan Allah ne mahauci, ana ce masa Ilu. Balangu yake gasawa a bakin kasuwa, ba shi da komai sai tukubarsa da wuƙarsa da kyakkyawar zuciya.

Ilu yana da amini, Malam Badamasi tela. Kullum aka sallame azahar sai tela ya zo ya zauna ya sayi nama. To kun san al'adar mahauta, in sun yanka maka sai sun ƙara maka gyara, kuma gyaran mahauci kitse ne. Wanda ake so, shi ake cika wa. Ilu kuwa yana son Badamasi, don haka tozo yake ɓoye masa, mai maiƙo, wanda yake narkewa a baki. Shekara ashirin ana haka. Tela ga zaman keke wuni guda, ga tozo kullum, sai jiki ya buɗe, tumbi ya fito, wuya ya ɓace. Mutane suna cewa arziki ya zauna. Ilu ma murna yake yi, yana ganin aikin hannunsa ne.

Ku saurara, musamman ku na sahun gaba da nake ganin riga ta matse ku.

Ran nan Badamasi yana tsaye gaban tukuba sai jiri ya ɗebe shi, ya zube. Ilu ne ya kai shi asibiti. Malamin asibitin, wani dattijo, ya ce jini ya hau, suga ma ta kama. Da ya ji sana'ar Ilu, sai ya tambaye shi yadda yake samun farantinsa da safe. Ilu ya ce kitse ya daskare, sai an kankare da wuƙa. Dattijo ya ce to irin wannan maiƙon ne yake yi wa hanyoyin jini nauyi. Man gyaɗa ya fi sauƙi, shi ma kaɗan. In ba a bari ba, faɗuwa ta gaba ba lalle a tashi ba.

Wayyo, Ilu ya koma gida jikinsa a sanyaye. Ashe abin da yake miƙawa da ƙauna shi yake cin amininsa.

Da tela ya samu sauƙi ya dawo, Ilu ya yanka masa tsoka zalla, ya naɗe, ya miƙa. Tela ya tsaya yana jiran gyara, shiru. A kasuwa kuwa, a hana ka gyara a gaban jama'a cin fuska ne.

"Ilu, ni za ka yi wa rowa?"

"Malam, ni na ɗora maka jikin nan. Wallahi ba zan ƙara ba, ko da za ka daina gaishe ni."

Ya kuwa daina. Ya koma wajen wani mahauci, abokan hirarsa suka bi shi, ciniki ya ja baya. Ilu ya bi 'yan'uwansa mahauta ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kada su sayar wa tela kitse. Suka yi masa dariya, suka ce yaushe mahauci ya zama likita.

Bai yi fushi ba. Ya sa matarsa Ladiyo tana dafa tsoka da zogale da wake, da ɗan man gyaɗa cokali guda. Shi da kansa yake ɗauka ya ajiye a zauren tela. Kwano ya dawo a cike. Gobe ya kai, ya dawo a cike. Jibi ma haka. Ladiyo ta ce ya haƙura mana, ya ce shekara ashirin ya yi yana ɓarna, bai isa ya gaji da gyara a wata guda ba. Sai a rana ta arba'in da wani abu kwano ya dawo a wanke. Daga nan kullum a wanke, amma magana babu.

Bayan kusan shekara, ranar wata Juma'a, Ilu yana cikin sahu sai ya ji an tsaya kusa da shi. Bai waiga ba. Da aka yi sallama aka kama hannunsa, sai ga Badamasi, riga ta yi masa yawa, hawaye har gemu. Shekara uku ke nan a zaune yake salla saboda nauyin jiki.

"Ilu, yau goshina ya taɓa ƙasa."

Ilu shi ma kuka yake yi.

To jama'a, ƙauna ba ita ce ka ba mutum abin da bakinsa yake so ba, ita ce ka tsare masa jikin da Allah Ya ba shi amana, ko da zai yi fushi da kai. Kowannenku yana da wanda yake tsamo wa kitse daga miya don ya nuna masa so, mahaifi ne, ko miji, ko mata. Yau in an zuba abinci, ku dubi abin da hannunku yake miƙawa. Allah Ya bar mana su, Ya ba su ƙarfin yin sujada har ƙarshen kwanansu.