Murfin Injin da Ba Mai Riƙewa

A wani gari akwai wani mutum, manomi, yana da tsohuwar mota wadda yake kwasar masara da ita daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa. Mutanen unguwa suna kiransa Baban Kefas, da sunan ɗansa na fari. Sunan matarsa Tabita.

Motar nan tana da wani aibi. Ɗan ƙarfen da ake tokare murfin inji da shi ya karye tun da daɗewa. In an ɗaga murfin, sai wani ya riƙe, in ba haka ba ya faɗo wa mutum a ka. Tabita ce take riƙewa. Kowace safiyar Asabar mutumin yakan ce, "Maman Kefas, zo ki ba ni hannu." Sai ta fito daga madafa, ta goge hannu a zani, ta ɗaga murfin. Shi kuwa ya sunkuya ya duba mai da ruwa, ya tsince ganyen da ya faɗa ciki, ya goge ƙarafa da tsumma. Tana tsaye tana ba shi labarin abin da aka yi a zumuntar mata, da wadda ta haihu, da wanda ya kwanta ciwo. Wani lokaci ta ce, "Yi sauri, hannuna ya gaji." Ya ce, "Saura kaɗan," alhali kuwa ya riga ya gama. Kefas ya sha cewa zai kai motar a gyara ƙarfen. Ba wanda ya hana shi, amma ba wanda ya miƙa masa makulli.

Ana nan sai Tabita ta kwanta rashin lafiya, kafin a karya masarar shekarar ta rasu. 'Yan'uwa suka zo, gida ya cika, aka yi waƙoƙi, aka yi addu'a, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan gari. Sa'an nan kowa ya kama hanyarsa. Kefas ya koma birnin da yake aiki, ƙanwarsa ta koma gidan mijinta. Aka bar mutumin da kujeru biyu a tsakar gida da tukunyar da ta yi wa mutum ɗaya girma.

Asabar ta farko ya fita wurin motar yadda ya saba. Ya sa hannu zai ɗaga murfin, har ya buɗe baki zai yi kira, sai ya tuna. Ya tsaya. Ya san da guntun itace ma za a iya tokare murfin, ga itace kuwa tari a bakin katanga, amma bai iya miƙa hannu ya ɗauka ba. Ya ɗebo ruwa ya wanke jikin motar, ya goge gilashi, ya koma ɗaki.

Haka ya riƙa yi. Jikin motar kullum fes, ƙafafunta a wanke, gilashinta yana ƙyalli. Masu wucewa suna gani suna cewa, "Baban Kefas ya yi haƙuri, Allah ya ƙarfafa shi." Ba wanda ya san murfin bai ƙara buɗuwa ba.

Ya daina zuwa sujada, gama bai so a yi ta tambayarsa yadda yake. Ran Lahadi, sa'ad da ƙararrawar majami'a take bugawa, sai ya shiga mota ya nufi maƙabarta. Ya cire ciyawa daga kan kabarin, ya ɗan zauna, ya dawo kafin a tashi. In Kefas ya kira shi a waya, yakan ce, "Lafiyata ƙalau, kada ka damu." Ya kashe wayar, ya ci tuwon jiya a tsaye.

Yana da wani maƙwabci, dattijo kamarsa, sunansa Sila, wanda ya yi shekaru yana tuƙin motar noma kafin ƙarfinsa ya ragu. Sila yakan zo ya buga ƙofa ya ce, "Baban Kefas, ya ƙarin haƙuri?" Mutumin ya buɗe ƙofar kaɗan, iyakar fuskarsa, ya ce, "Da godiya." Ya rufe. Sila ya ɗan tsaya a waje, sa'an nan ya koma gidansa.

A cikin wannan lokaci duka, ƙarƙashin murfin, mai yana tsattsafowa daga wani wuri yana gangarawa kan inji. Ƙasar hanyar gona ta manne da shi ta zama baƙin laka. Ganyen darbejiyar da ake ajiye motar a gindinta ya shiga ta kafofi ya taru ya bushe. Ɓeraye suka ga ba mai damunsu, suka kwaso ɓawon masara suka yi sheƙa kusa da batir. Mutumin ya fara jin ƙauri in yana tuƙi. Sai ya sauke gilashi, iska ta kwashe warin, ya ci gaba da tafiya.

Wata Lahadi da rana tsaka, yana dawowa daga maƙabarta, ya iso ƙofar gidansa ke nan, sai ya ga hayaƙi yana fitowa ta gefen murfin. Ya kashe motar, ya ruga ciki ya ciko bokiti da ruwan randa mai sanyi. Ya ɗaga murfin da hannu ɗaya, zafin ƙarfen ya ƙona masa yatsu, murfin ya faɗo masa a kafaɗa. Ya tokare shi da kai, ya ɗaga bokitin zai sheƙa.

"Kada ka zuba!"

Sila ne, yana dawowa daga majami'a. Ya taho da saurin da tsufa ya bar masa, ya naɗe hannu da bakin rigarsa, ya karɓi murfin daga kan maƙwabcinsa, ya ɗaga sama. Ya leƙa ya ce, "Wuta ba ta kama ba tukuna, mai ne yake ƙonewa a kan ƙarfe. Ajiye bokitin. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi haka, tsagewa zai yi. Kai ma ka sani."

Mutumin ya ajiye bokitin. Ya sani, tsoro ne ya mantar da shi. Ya ɗauko sanda ya jawo busasshen ganyen da ɓawon masarar da suka fara baƙi, ya watsar a ƙasa. Hayaƙin ya ragu. Sai ya dubi injin sosai, ya ga yadda ya koma, kunya ta kama shi. Ya ce, "Rufe, Sila. Kada mutane su gani."

Sila ya ce, "Na riga na gani, ban kuwa gudu ba. Bari ya huce tukuna. Kawo mana tabarma."

Suka zauna a inuwar darbejiya suna jira. Can mutumin ya ce, "Ita take riƙe mini." Hawaye suka zubo masa. Sila bai ce masa ya yi haƙuri ba, bai kuma yi masa wa'azi ba. Ya zauna kawai. Da aka jima mutumin ya fara faɗin yadda gidan yake yi masa shiru, da yadda yakan dafa abinci ya rasa dalilin ci, da yadda yakan ji kamar motsinta a madafa. Sila ya ji duka. Sa'an nan ya ce, "Tun da 'ya'yana suka watse, wata rana daga safe har yamma ba na furta kalma sai addu'ar abinci. Da nake buga ƙofarka, ba dominka kaɗai nake bugawa ba."

Mutumin ya dube shi, gama bai taɓa tunanin haka ba.

Da injin ya huce har ana iya ɗora tafin hannu a kansa, suka tashi. Sila ya riƙe murfin. Mutumin ya fara kwance kan batir, domin kada wuta ta haɗu da ruwa. Ya kwashe sauran sheƙar ɓerayen da hannu. Ya samo leda ya rufe mahaɗan wayoyi da bakin da inji ke shaƙar iska, ya ɗaure. Ya yi niyyar ɗebo fetur don ya narkar da baƙin man da sauri, Sila ya girgiza kai, ya bari. Ya kaɗa sabulu a ruwa mai ɗumi, ya ɗauki tsohon buroshi ya bi lungu lungu yana gogawa a hankali. Inda lakar ta yi kauri, ya jiƙa ya bar ta ta yi laushi. Ya ɗauraye da ruwa kaɗan kaɗan da kofi, ya tsane da tsumma, ya cire ledojin, suka bar rana ta busar da sauran.

Da ƙarfen ya fito fili, sai ga inda man yake yoyo: wata 'yar roba ce ta tsage, ba ta kai tsawon yatsa ba. Mutumin ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Gobe zan kai motar wurin makaniki. Za ka raka ni?"

Sila ya ce, "Zan raka ka."

Kashegari da safe Sila ya buɗe ƙofar gaba ta motar zai shiga, sai ya tarar da ɗankwalin Tabita a kan kujera, inda ta bar shi ranar da aka kai ta asibiti. Ya ja da baya. Mutumin ya miƙa hannu ya ɗauki ɗankwalin, ya ninke, ya sa a aljihun rigarsa. Ya ce, "Shigo ka zauna." Suka tafi.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Motar ita ce rayuwar mutum. Jikinta da ake wankewa shi ne fuskar da muke nuna wa jama'a, da "lafiya lau" ɗin da muke amsawa a bakin ƙofa. Injin kuwa zuciya ce. Ba kullum zunubi ne yake taruwa a cikinta ba. Sau da yawa baƙin ciki ne, da kewa, da maganar da ba a sami wanda za a faɗa wa ba. In an rufe su an bar su, suna kama ƙura har wata rana su yi hayaƙi.

Ruwan sanyin kuma shi ne gaggawarmu. Mukan je wurin mai makoki da zuciyarsa tana zafi, mu sheƙa masa "yi haƙuri" da dogon wa'azi, mu tafi muna tsammani mun wanke shi, alhali tsaga shi muka yi. Ubangiji ba haka yake yi da mu ba. Yakan jira mu huce, ya kāre wuraren da ba su jure taɓawa, ya wanke mu sannu sannu, har ainihin raunin ya bayyana ya warkar da shi. Sau da yawa kuwa da hannun ɗan'uwa yake yin wannan aiki.

Saboda haka, in kai ne ka rufe zuciyarka, ka ƙyale wani ya gani. Ba za ka iya ɗagawa kana wankewa kai kaɗai ba, Allah bai kuwa nufe ka da haka ba. In kuwa kai ne maƙwabcin, kada ka yi fushi don an rufe maka ƙofa. Yanzu kowa a majami'ar nan ya waiwaya ya dubi bencin da yake zaune a kai. Akwai wanda ya saba zama a nan, ya daɗe bai zo ba, mun kuwa ɗauka lafiya yake don ba mu ji kukansa ba. Kun san sunansa, kun san gidansa. In an tashi, kafin ku ci abincin rana, ku bi ta can.