Kwalaben Tuffar Inna Ardith

Kun hana ni sakat wai na yi kwana biyu ban kawo labari ba, kamar ku kuke ciyar da ni. To ga shi, kuma ku sani ba kowa ya iya ba da shi kamar ni ba.

Akwai wani mutum a garinmu, can gindin jajayen duwatsun iyakar Utah, ana ce masa Delbert. Tun da babbar cocin Mormon ta hana auren mace fiye da ɗaya kakanninmu suka ɓalle suka tare a nan. Mahaifin Delbert matansa uku. Uwarsa ta rasu yana goye, ta ukun, Inna Ardith, ita ta raine shi tare da ɗanta Arvel.

Delbert ne mai rabon ruwan gari. Kowace gona da ranarta, makullin ƙofar kwatar ban-ruwa kuma a ƙugunsa yake, yana tafe yana kaɗa shi don a san ya iso.

Sai jama'a ta sake rabuwa a kan wanda zai gaji shugabanci. Sabon shugaba ya ce duk wanda bai bi shi ba ya yi ridda, ko gaisuwa kada a yi masa. Arvel ya ƙi bi, ya zaɓi ɗaya ɓangaren da suka naɗa nasu annabin. Ya koma tsohon lambun mahaifinsu a bayan gari, Inna Ardith ta bi ɗanta.

Ranar ruwansa, Arvel ya tarar da ƙofar kwata a kulle, Delbert zaune a kanta ya harɗe ƙafa.

"Yaya, yau Laraba ce fa."

"Ina jin kamar iska na magana," in ji Delbert yana kallon sama.

"Iskar da kuka sha nono ɗaya da ita? Buɗe mini, itatuwan Baba ne suke bushewa."

"Je ka sabon annabinku ya roƙo muku ruwan sama."

Arvel ya yi dariya ya ce, "Wannan makullin dai, ka riƙa cire shi in za ka yi wanka, kada ya yi tsatsa."

Shekara shida Delbert bai buɗe ba. Arvel da matarsa suka riƙa jido ruwa a ganga daga rafi. Rabin itatuwan suka mutu.

A shekara ta bakwai shugaba ya miƙe a taron Lahadi ya karanta sunayen waɗanda ya ce zuciyarsu ba ta da tsarki. Delbert yana gyaɗa kai yana cewa amin, sai ya ji nasa. Laifinsa? An ga matarsa ta biyu ta ɗaga wa wata 'yar'uwarta hannu a hanya, alhali tana cikin waɗanda aka ce sun yi ridda.

Gida na jama'a ne, ba nasa ba. Kun san kuma kowane gida a wajenmu yana ajiye abincin shekara guda a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Nasa ma aka ce na jama'a ne. Aka kwance makullin daga ƙugunsa. Ya fito da mata biyu da 'ya'ya goma sha huɗu, ga hunturu ya kawo kai. Maƙwabtan da suka ci tuwon gidansa suka sauke labule.

Ya tuƙa motarsa ya wuce lambun Arvel sau uku. A na huɗu Arvel ya fito ya tsaya a tsakiyar hanya.

"Ko dai ka take ni, ko ka shigo. Ƙurarka ta ishi shanyar matata."

Delbert ya sauko ya rasa inda zai sa idonsa. "Arvel, ni dai..."

"Au, ashe yau iska tana da suna."

Inna Ardith ta fito da sandarta. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka rame. Biyo ni."

Suka gangara ɗakin ƙasa. Tun suna yara, duk kaka takan dafa tuffa ta ɗura a kwalabe, kowane ɗan mijinta da kantarsa, da sunansa a jiki. Delbert ya ga kantar Arvel. Kusa da ita sai ga wata, maƙare har sama, kowace kwalba an rubuta sunansa da shekararta.

"Inna, ai an hana ku ko kiran sunana... a'a, ni aka hana kiran naku."

"Shugabanka ya hana ka. Ni wa ya hana ni? Da na goya ka ban tambaye shi ba."

Ya bi kantar da ido. Layin shekarar farko kwalba arba'in ne. Na biyu talatin. Na ƙarshe tara kacal, 'ya'yan ciki ƙanana, duk sun yamutse.

"Me ya sa na bana suka zama haka?"

Arvel ya buɗe baki, Inna ta make shi da sanda. Ta ce, "Ƙishirwa suka sha, ɗana. Amma da zaƙi."

Delbert ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hularsa.

Kwalaben nan da garin alkamar Arvel su suka fitar da mutum goma sha bakwai hunturu. Ni ma na taya su cin kwalba biyu. Masu cewa biyar ne, Allah ya isa, sharri ne.

Da bazara Delbert ya ɗauki shebur. Wata uku shi da Arvel suna haƙa sabuwar kwata daga rafi zuwa lambu. Da suka gama Arvel ya ce a sa mata ƙofa.

"Sa ƙofa," in ji Delbert, "amma kada in ga makulli."

Darasi: Aƙida ta raba ku wurin ibada, kada ta raba ku ruwan sha. Wanda ka kulle wa ƙofa yau, wataƙila shi ke cika maka kanta. Ku tura wa ɗan'uwan da kuka daɗe ba ku gaisa ba, kuma ku faɗa masa daga wajena kuka samo.