Oga Bari-Kawai da Ma'aikatansa na Nesa

Akwai wani shugaban masu haɗa manhaja da ma'aikatansa suka laƙaba wa suna Bari-Kawai. Gwani ne, wannan ba musu, amma ba shi da haƙurin koyarwa ko kaɗan. Mutanensa a warwatse suke, kowa na aiki daga gidansa, sai dai a haɗu ta bidiyo. Shi ma ofishin nasa wani lungu ne a falo, tsakanin firji da taga.

Idan ma'aikaci ya turo aiki da kuskure, maimakon ya nuna masa, sai ya ce, "Bari kawai," ya goge ya sake rubutawa da kansa. Da yake ba ɗaki ɗaya suke ba, babu mai leƙowa ta bayansa ya ga yadda aka yi. Wata ma'aikaciya da suke tsokana da Uwar-Tambaya ta sha roƙonsa.

"Oga, don Allah ka nuna mana allonka mu ga inda muka kauce."

"Kafin in gama miki bayani ai na gama gyaran," in ji shi.

Tun tana tambaya har ta gaji. Sauran ma suka saki jiki, suna turo aiki rabi da rabi, tunda akwai mai ƙarasawa. Shi kuwa har fariya yake wa matarsa cewa in babu shi sai a rufe kamfanin.

"Baban yara, wannan ba abin fariya ba ne," in ji ta. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Dariya kawai ya yi.

Wata safiya yayarsa ta kira shi daga asibiti, inda mahaifinsu ke kwance. "Baba na nemanka. Ka taho yanzu."

Ya isa bakin ƙofar ɗakin ke nan, wayarsa ta yi ƙara. Manhajar babban abokin cinikinsu ta tsaya cak. Uwar-Tambaya ce ta kira.

"Oga, mun buɗe mun duba, ba mu gane komai ba. Sunanmu ne a kai, amma hannunka ne a ciki."

Ya ce wa yayarsa yanzu zai shigo. Ya zauna a bencin baranda, ya ɗora kwamfuta a cinya. Yayar ta leƙo ta yafuto shi, ya ɗaga mata hannu, wai saura kaɗan. Da manhajar ta tashi, ya miƙe da sauri ya shiga. Ya tarar an ja mayafi an rufe tsohon.

Yayarsa ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Har ya daina magana idonsa na kan ƙofa."

Bayan kwana biyu Uwar-Tambaya ta kira ta yi masa ta'aziyya, tana kuka. "Wallahi Oga, da mun iya, da ba mu kira ka ba."

Shi kuwa ya san wanda ya hana su iyawa. Baƙin cikin nan bai bar shi ba har yau.

Darasi: Duk wanda aka ba jagoranci, aikinsa ya raini mutanen da za su iya tsayawa ko ba ya nan, musamman idan suna nesa, ba su ganin hannunsa. Lokacin da ka ƙi bayarwa wajen koyarwa ba ajiye shi ka yi ba. Za a karɓe shi a ranar da ka fi bukatarsa.