Fallen Silin na Fari

Akwai wani magidanci wanda mahaifiyarsa ta tsufa, ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ya ƙudura zai ɗauko ta daga ƙauye ta zauna wurinsa. Amma ɗakin da ya ware mata rufin kwano ne tsirara, da rana ta take sai ya zama kamar tanda. Sai ya tafi kasuwa ya sayo silin na roba, fari mai zanen furanni, ya ce shi da kansa zai kafa, gama yana so aikin hannunsa ya yi wa uwarsa inuwa.

Irin wannan silin falle-falle yake, kowane falle yana shiga bakin ɗan'uwansa. Mutumin ya hau tsani da gudumarsa. Saboda sauri bai ja igiya ya daidaita ba, fallen fari kuwa ya ɗan karkace. Ya gani sarai, amma ya ce a ransa, "Wannan ai ba wani abu ba ne." Ya buga ƙusa ya ci gaba.

Na biyu ya bi na fari, na uku ya bi na biyu. Kafin ya kai tsakiyar ɗaki, furannin sun daina haɗuwa. Ya matsa wani falle da ƙarfi, sai ya tsage a hannunsa.

Matarsa Damaris ta leƙo ta ce, "Maigida, gobe fa za a kawo Inna. Ka toshe wajen da katako ka wuce. Wa zai ɗaga kai ya duba?"

Ya ce, "Inna ba ta tashi, Damaris. A kwance za ta wuni, sama za ta riƙa kallo."

Ya aika ƙauye a ɗan dakata masa. Sa'an nan ya shiga zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, wuyansa ya ƙage, tafin hannunsa ya yi bororo, bai tsaya ba sai da ya sauke fallen fari. Ya ja igiya, ya kafa shi daidai, sauran kuwa suka shiga ba gardama.

Da aka kawo tsohuwar aka kwantar da ita, ta daɗe tana kallon sama. Can ta ce, "Wane kafinta ne ya yi wannan?"

Damaris ta ce, "Ɗanki ne, Inna. Sau biyu ya yi shi."

Tsohuwar ta kama hannunsa mai bororo ta sa masa albarka.

Ga ma'anar wannan misali, ƙaunatattu. Fallen fari shi ne ƙaramin zunubin nan da muka gani muka ce ba komai: ƙaryar da aka yi don a tsira daga kunya, ko gabar da aka fara da ƙin gaisuwa. Duk abin da muka ɗora a kai karkacewarsa yake bi. Tuba ba toshe ɓaraka ba ce, komawa ce har inda aka soma kaucewa. Akwai ciwo, akwai jinkiri, wani ma zai ce ka bari haka. Kada ka bari. Ubangiji yana ba da ƙarfi ga mai niyyar gyara. In akwai wanda ka daina gaisarwa, kada ka wuce ƙofarsa yau ba ka gaishe shi ba.