Yadda Aka Ɓoye Takalman Baffa Tanko

Masu riƙon labari sun ce a garin Tudun Gamji an yi wani Maigari, sunansa Barau, mutum mai gudun abin da za a ce. Yana da baffa, Tanko, ɗan shekara saba'in da biyar, wanda kullum da hantsi yake zaga gonakin gari a ƙafa. Iyakar kowace gona tana kansa, shi ke raba gardamar manoma. Maigari ya ji ana tsegumi wai ya bar tsoho yana yawo kamar marar galihu, sai ya saya masa kujera mai laushi, ya sa aka ɓoye takalmansa. Wai shi nan gata ya yi.

Bayan wata bakwai damina ta kawo jiki, Shamuwa ta dawo daga kudu ta sauka kan rimin ƙofar gida. Ta hangi tsoho zaune yana kallon bango, ta dubi Maigari ta ce, "Allah ya ja zamanin Maigari, ina tsoron kada ka yi irin ta Alhaji Nalado."

Ya ce, "Me ya sami Nalado?"

Ta ce, "A wani gari da nake yada zango akwai Nalado, ɗan Iya Gambo mai daddawa, wadda ke cin kasuwa uku a ƙafa duk mako. Da ya yi arziki ya zaunar da ita a kujera, ya zuba mata masu aiki, ko buta ba ta ɗauka. Bayan shekara biyu na tarar tana tambaya, wane ne baƙon nan mai yawan shigo mata ɗaki? Ɗanta take nufi. Ya kai ta wurin wata likita hankali tashe, likita ta ce, 'Alhaji, saurari labarin wa da ƙani, Jatau da Mati.

"'Da tsufa ya zo musu, 'ya'yan Jatau suka hutar da shi a ɗaki. Mati ba shi da mai hutar da shi, ya ci gaba da zuwa gona da zaman hira a majalisa, ana ta tausayinsa. Da suka haura tamanin, Mati ne ke zuwa kullum yana gaya wa Jatau sunayen jikokinsa. Ban ce tafiya tana hana kowa ruɗewa ba, amma ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa, jini kuwa yana son motsi.' Nalado ya dafe kai ya ce, 'Ashe da hannuna na yi mata wannan.'"

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce, "Ni dai ban ga bambancin kujerarka da ta Nalado ba."

Maigari ya miƙe. Ya shiga ya durƙusa ya ce, "Baffa, ina iyakar gonar su Ɗantani daga gabas?"

Tsoho ya daɗe yana dubansa, ya ce, "Yaya Sule, yaushe ka dawo?"

Sule mahaifin Maigari ne, shekararsa ashirin a ƙasa. Tsoro da kunya suka rufe Maigari. Ya fito ya ce, "Shamuwa, na ji, kuma na tuba."

Ya sa aka fito da takalman, tun daga ranar kullum yakan kama hannun baffansa su nufi gonaki, tsoho yana jan ƙafa. A rana ta tara, daidai wata tsamiya, Tanko ya tsaya ya daki ƙasa da sanda.

"Nan ce iyakar. Kai Barau, me ya fito da kai rana haka?"